Bokitin Ƙasarina da Akuyar Hajiya

Har yau in na ga akuya tana kiwo a bakin bola sai gabana ya faɗi. Akwai wata jar akuya da ta kusa raba ni da sana'ata da mutuncina a lokaci guda, kuma ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ban daɗe da tarewa a Koki ba, ina sayar da koko da safe. Duk mai wannan sana'a ba ta rabuwa da ƙasari da dusa, a lungunmu kuwa ba a zubar da su. Ƙasari da dusa da ɓawon dankali na masu dabbobi ne, kwalabe da tsofaffin robobi na 'yan jari bola, abin da ya rage shi ake ba mai baro ya kai bola. Leda ce kawai ba ta da mai ita, kowa sai ya wurga ta lungu iska ta san yadda za ta yi da ita. Bokitina gidan Hajiya yake zuwa kullum, wata dattijuwa mai alala da katanga ɗaya ta raba mu. Akuyar nan ita ce abin da maigidanta ya mutu ya bar mata, har hira take yi da ita.

Ana nan sai kwatar lungu ta toshe, ruwa ya koma soron Hajiya. Ta leƙo ta ce dusata ce ta toshe ta. Ni kuma a lokacin bakina ba shi da linzami, na ce, "Hajiya, tunda sharri za ki yi min, za ki gani." Wallahi nufina in kai ta wajen mai unguwa, kafin yamma ma na huce. Surukata ta ce kada in fasa aika ƙasari, dabba ba ta yi min laifi ba, na ci gaba da aikawa.

Ba a jima ba akuya ta fara lalacewa. Cikinta ya kumbura, bayanta ya rame, ta daina tuƙa. Wata safiya aka dawo min da bokitina cike, ko sannu ba a aiko da ita ba. Daga nan layin masu sayen koko ya fara gajarta, har ta kai ina juye rabin tukunya. Wata maƙwabciya ce ta tausaya min, ta ja ni gefe ta ce, "Amarya, ke kaɗai ce ba ki ji ba? An ce kin barbaɗa wa akuyar Hajiya wani abu. Mutane na cewa wadda ta iya yi wa dabba, me zai hana ta yi wa ɗan mutum?"

Na yi kuka, na ƙi cin abinci, sannan ni ma na shiga zargi. Na zargi mai kokon bakin titi, ai ita ce ta kwashe masu sayen nawa. Na zargi surukar Hajiya da take karɓar bokitin. Ita kanta wadda ta ba ni labarin sai da na ce me ya sa ta san komai haka. Kowa ya gaishe ni sai in tsaya ina auna gaisuwar. Mutanen da muke aron turmi da rariya a junanmu, muka koma kallon-kallo.

Ranar wata Laraba da hantsi na ji Hajiya tana salati, akuya ta kasa tashi. Aka kira wani mahauci ya yanka ta kafin ta zama mushe. Ta katanga na ji Hajiya na cewa a haƙa rami a binne naman, kada kowa ya ci guba. Na zari hijabi, surukata na kira na ban waiwayo ba. Na tarar da tsakar gidan cike da mata.

Na ce wa mahaucin, "Baba, ka feɗe ta a gabana. In an gasa hantar, ni zan fara ci."

Hajiya ta ce, "Ji rashin kunya! 'Yar nan, har gidana?"

Mahaucin ya ɗauki wuƙa. Ya feɗe, ya ciro hanta ya juya ta, lafiya ƙalau. Da ya zo kan tumbi sai ya danna shi da yatsa, ya yi tsaki, ya farke. Wani dunƙule ya faɗo, ya kai girman ƙwaryar fura, ya fara warware shi da bakin wuƙa. Leda ce zalla, ta cuɗe ta yi tauri. Ga farare irin waɗanda nake ƙulla koko, ga na alalar Hajiya da jan manja bai gama fita ba, ga na ruwan sanyi, ga baƙaƙen cefane. Ya baje su a ƙasa, ya goge hannu ya ce, "To, ga gubar nan. Kowa ya zo ya ɗauki tasa."

Na zo da shirin yin gori, amma ina ganin fararen ledojin nan na gane nawa ne, na fasa. Hajiya ta tsuguna tana hawaye, ta ɗaga wata mai manja ta daɗe tana kallo. Da yamma ta aiko min da hantar a kwano, ta ce kuma in ci gaba da tara ƙasari, za ta sayi wata akuyar.

Tun daga ranar aka rataye buhu a bakin kowane soro don leda, ni kuma na ce mai son kokona ya zo da kofi. Abin da na koya shi ne, in ɓarna ta faru a lungu, kafin in nemi wanda zan nuna da yatsa, sai na fara duba abin da ya fita daga gidana.