Ƙafar Malam Bitrus da Kafson Kasuwa

Har yau ban manta da ranar da aka kawo Malam Bitrus daga wani ƙauyen Kafur ba. Farkon shekarun 1980 ne, ana tsakiyar damina, ina babban ma'aikacin ɗakin gwaji a wani asibiti a Malumfashi. Fartanya ce ta sare shi a ƙwauri, ciwon ya ruɓe. Likita ya ce in kumburin bai sauka ba, sai dai a yanke ƙafar.

Aikina shi ne in ɗebi mugunyar, in shafa a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, in ɗora 'yan takardu masu ɗauke da magunguna iri-iri. Washegari, duk maganin da ya fi ƙarfin ƙwayoyin za a ga fili kewaye da shi. Maganin kafso ja-da-rawaya, wanda likita ya fara ba shi, ba fili ko kaɗan. Ƙwayoyin sun tsiro har jikin takardar.

Na je gadonsa na ce, "Baba, me kake sha a gida?"

"Kunu."

Matarsa Saratu ta yi tsaki. "Malam, faɗi gaskiya mana. Kullum ya dawo daga gona sai ya fasa kafso ja-da-rawaya a kunun, wai maganin gajiya. Kajinsa ma sha suke."

"To, kajin sun mutu?" in ji shi.

Na ga ana tallar wannan kafso a kan tebur a Khartum da Kumasi, amma zuba shi a kunu sai a gida na gani.

Lokacin ban daɗe da karantawa ba cewa a bangon ƙwayar cuta akwai wasu furotin masu aikin ƙofa, suna shigo da abinci, suna fitar da shara. A wasu ƙwayoyin, irin wannan ƙofa ce ke tunkuɗo magani waje kafin ya yi aiki. Na ce masa, "Baba, kamar ɗaki mai yoyo ne, ruwa na shiga ana kwarfewa da ƙwarya. Kafsonka na kullum ya danne ragwayen ƙwayoyin, ya bar gwanayen kwarfa suka hayayyafa."

Farantin ya nuna wata allura, dangin fenisilin, tana cin su. Ita bangon ƙwayar take rushewa, sai ƙwayar ta kumbura ta fashe. Na kai wa likita sakamakon, ya sauya magani nan take.

Malam Bitrus ya ɓata rai. "Ni fa allura ce ban so."

Saratu ta ce, "Ko allura ko zarto, zaɓi ɗaya."

Ya juya ya fuskanci bango ya miƙa cinya. Kafin cirar auduga ya koma gida da ƙafafunsa biyu.

Ku da kuke aikin yanzu, faranti zai gaya muku maganin da ya daina ci, amma ba zai gaya muku dalili ba. Mutanenmu kuwa ba sa lissafa abin da suka saba sha cikin magani. Ku tashi daga kan na'ura ku je bakin gado, kuma ku tambayi wadda ke dama kunun.