Hancin Kawu da Hannun Yaya

Yau Yayana ya dawo daga Magama, can bakin iyaka, da sabon agogo. Muka gaisa, sai na shinshina tafina. Warin fetur! Nan take na tuna marigayi Kawu, ɗan sandan ciki mai yawo da tsumman manoma a bakin iyaka. Yakan miƙa maka hannu da fara'a, ya juya ya shinshina nasa. Hancinsa na jiyo fetur ɗin fasa-ƙwauri tun daga Maraɗi. Ni ma ya taɓa kama ni: "Ɗan nema, kilishin wa ka sata?" Alhali sau bakwai fa na wanke hannu!

Na kasa zama, na kasa gaya wa Baba. Allah ya jiƙan Kawu, ya shiryi Yaya kafin ya gaisa da mai irin hancinsa.