Nafissa, Wadda Ta Riƙe Sunayen Dangin Madam Perla

Da ta idar da sallar asuba, Nafissa Abdou takan shiga ɗakin Madam Perla ta yaye labule, ta gaya mata ranar da ake ciki da garin da suke. Ta yi mata wanka, ta taje mata furfura, ta ba ta shayi a baki. Shekara da shekaru haka take yi a wani bene a unguwar Al Khabaisi da ke Dubai.

Nafissa 'yar Maraɗi ce. Madam Perla kuwa Bayahudiya ce haifaffiyar Faransa, ɗanta ya kawo ta Dubai inda yake aiki. Faransanci ne ya haɗa su. Tana 'yar ƙarama, a yaƙin duniya na biyu, aka kwashe iyayenta da yayyenta a jirgin ƙasa, ba wanda ya dawo. Ita wata manomiya ce ta ɓoye ta. Ba ta taɓa ba ɗanta labarin ba. Sai da tsufa ya fara taɓa mata hankali maganar ta riƙa fitowa, kuma ba kowa a gefen gadon sai Nafissa.

Nafissa, ke ce kika zauna kika saurara, baiwar Allah, ko da ta maimaita abu ɗaya wuni guda. Ranar da sunan mahaifiyarta ya ɓace mata tana kuka, ke kika tuna mata.

Ran Juma'a kafin faɗuwar rana Nafissa takan jera mata kyandir na ibadar Yahudawa, ta tallafe mata hannu ta kunna da kanta. Addu'ar ba tata ba ce, sai ta tsaya gefe har tsohuwar ta gama, sannan ta tafi ta yi magariba. Ƙanenta Chamsou, mai shago a Al Ras, ya gaya mini wasu 'yan ƙasarmu da ke nan sun yi ta surutu a kan aikin nan. Da ya kai mata maganar, cewa ta yi, “Marainiya ce, ta tsufa da maraicinta. Ni kuma sallata nake yi.”

Bara Madam Perla ta rasu. Jikarta Ilana ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san ko mutum ɗaya daga dangin kakarta ba. Nafissa ta zaunar da ita ta faɗa mata su ɗaya bayan ɗaya: Bella uwarsu mai ɗinki, yayanta Léon mai yawan fito, da yayanta Simon da aka tafi da shi yana zazzaɓi. Uban Ilana, ɗan Madam Perla, yana bakin ƙofa yana ji, ya kasa shigowa. Yanzu Ilana ce ke kunna kyandir ɗin, tana kiran sunayensu.

Ciwon gwiwa ya matsa wa Nafissa, watan gobe za ta koma gida. Mun gode, Yaya Nafissa, Allah ya saka miki da alheri. Mu kuma da ke da tsofaffi a gida, mu zauna kusa da su mu saurara tun suna iya magana.