Dariyar da Aka Sace wa Kawu

Kawuna mai aski ne. Shagonsa kujera biyu ne, da madubi mai tsaga a gefe, da wata tsohuwar talabijin a saman kanta wadda sai an mare ta take kawo hoto. Amma duk unguwa Direba ake ce masa, shi da ko keke bai iya ba.

Dalili kuwa, akwai wasu finafinan ƙasar waje, kashi-kashi, na wani tsohon direban bas, da aka juya su zuwa harshenmu. Kawu ne ya yi muryar tsohon tun daga kashi na farko. Yakan rufe shago ya tafi wurin ɗaukar murya da gashin mutane a jikin rigarsa. Abin da ya sa tsohon ya shiga ran jama'a dariyarsa ce: sai ya ja numfashi kamar an shaƙe shi, ya saki dariya, ta ƙare da tari. Ba a fim ɗin Kawu ya same ta ba. Dariyar mahaifinsa ce, kakanmu marigayi, daga gida ya ɗauko ta.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, sai ga shiri na musamman a talabijin, an mayar da direban katun, wato zane mai motsi. Ba wanda ya nemi Kawu. Wani saurayi aka samo ya kwaikwaye shi. Kawu na tsakiyar yi wa wani malamin makaranta aski ya ji dariyar ubansa ta fito daga bakin baƙo. Ni dai har yau abin yana ƙona mini rai. Ko sallama babu, an shiga gidan mutum an ɗauke masa uba.

"Wannan shiri ne ko cin mutunci?" in ji Kawu, yana nuna talabijin da almakashi. "Motar ma an yi mata idanu, har tana kashe wa mutane ɗaya! Tsohon da ya ci wuyar hanya, yau shi ne da hula mai tuntu yana tiƙar rawa yana rabon kyauta. Kuma ku ji tarin nan. Tari ne, ko akuya ce ta haɗiyi leda?"

Malamin, da rabin kai a aske, ya ce, "Haba Direba, ai ka yi ƙoƙari. Muryarka ba ta tsufa ba."

"Ba ni ba ne!"

"To wane ne, in ba kai ba?"

Wannan maganar ta fi satar yi masa ciwo. Telan da ke maƙwabtaka da shi har shago ya zo taya shi murna. Kawu ya rantse, ya maya, aka ce kunya ce kawai. Duk lokacin da aka maimaita shirin sai ya ajiye almakashi ya sake zazzage shi tun daga farko, har masu jiran aski suka fara sulalewa.

Ran nan, ana dab da sake sa shirin, ya ce, "Ku bari, akwai mai raba gardama."

Kaka yake nufi, mahaifiyarsa. Idonta ya tafi, amma da takun ƙafa take gane kowane jika. Ya ɗauki talabijin a ka har ɗakinta, ni da tela muna biye. Ya jona, ya mare ta, hoto ya zo. Ya naɗe hannu yana jira.

Kaka ta karkata kai tana saurare. Da dariyar ta zo sai ta dafe baki, hawaye suka gangaro mata.

"Allah sarki," ta ce. "Wallahi kamar yana ɗakin nan. Ɗan nan, ba ka taɓa kama dariyar ubanka kamar yau ba."

Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, Kawu ya taka mini ƙafa.

"Za su sake sa shi?" in ji Kaka.

"Za su sake, Inna. Gobe ma."

A ɗakinta ya bar talabijin ɗin. Ya koma shago hannu rabbana, ya ce wa na kan layi ya hau kujera.