Inna Kande Mai Rubuta Cigiya

Kullum da hantsi Inna Kande kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan rediyon Matameye, bik na rubutu a hannu, takarda a cinya. Shekara ashirin da shida tana rubuta cigiya: akuya, jaki, mutum, duk abin da ya ɓata. Wani ke karantawa a rediyo, sunanta ba ya fita. Wannan watan take ajiye aiki.

Kande ba ta karɓar "jar akuya". Ja kamar me? Sai ta tsare ka da ido har ka tuna kunnen hagu a tsage yake. Ana cewa ta cika ƙaƙale, ita kuwa ko a jikinta.

Cha'ibu tela ya ga amfanin ƙaƙalen nan. Mahaifinsa Malam Bawa, wanda tsufa ya rikita wa tunani, ya fita ranar kasuwa bai dawo ba. Kwana biyu, ga zafin bazara! Cha'ibu ya zo ya ce a rubuta dattijo ne mai kamala, da farar riga da hula. Kande ta ajiye bik, ta ce ai rabin tsofaffin gari ke nan, wa zai gane shi? Kunya ta kama Cha'ibu. Ɗa ya tsaya ya lissafa lahanin ubansa duniya na ji? Ta ba shi ruwa, ta yi ta jan sa da hira har ya faɗa: tsohon na jan ƙafar dama, yana magana shi kaɗai, kuma da yake maginin rijiya ne a da, ba ya wuce rijiya bai leƙa ba. Ya roƙe ta da hawaye kada a ce mahaukaci.

"Wa zai ce? Ni ma ubana ne," in ji ta.

Ta rubuta, ta soke, ta sake: "Dattijo ne da hanyar gida ta ɓace masa. Yana jan ƙafar dama. In ya ga rijiya yakan tsaya ya leƙa, ya shafa bakinta. Ku ce masa Malam Bawa, ku ba shi ruwa, zai zauna."

Kafin la'asar Zainabu, wata mai ɗiban ruwa a wani ƙauye kan hanyar Kurni, ta bugo waya. Ta ce tun jiya take ganinsa, ta ɗauka matafiyi ne, sai da ta ji zancen shafa bakin rijiya a rediyo ta gane shi ne ake nema.

Inna Kande, ke ce mai zaɓen kalma kamar mai tsince tsakuwa a wake. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Wanda zai karɓi bik ɗinki, da duk mai rubutu a cikinmu, ya koyi ƙara tambaya ɗaya kafin ya rubuta, ya faɗi gaskiya ba tare da ya tozarta kowa ba. Malam Bawa na nan zaune a ƙofar shagon ɗansa, kuma har yau babu wanda ya kira shi da sunan da Cha'ibu ya ji tsoro.