Amsar Da Ta Raba Shanun Gidanmu

Abin ya kwana biyu, don haka wataƙila na rikita wasu bayanai, a gafarce ni. A lokacin na gama jami'a ke nan, ina gida a wani ƙauye kusa da Tiga ina jiran takardar bautar ƙasa. Mu Kiristoci ne, amma zuriyarmu a gauraye take: mahaifina Kirista, ƙanensa da muke kira Baffa Musulmi. Kowannensu yana da sa guda, kuma tun ina yaro suke haɗa su a garma, yau gonar wannan, gobe ta wancan.

A bazarar nan ne wa'azin wani shahararren mai wa'azi ya cika wayoyin 'yan cocinmu. Yana da murya, ga iya jawo aya. Koyarwarsa ita ce mai bi ya ware kansa, kada ya haɗa aiki ko kwano da wanda ba addininsu ɗaya ba. Fastonmu yana jinya a Kano, sai dattawa suka ce tunda ni ne na yi karatu, in saurara in gaya musu ko koyarwar tana kan hanya. Na ce musu ilimin ƙasar noma na karanta, ba na addini ba. Wani tsoho ya yi dariya, ya ce ai digiri digiri ne.

Na yi kamar mako guda ina saurare, ina duba kowace aya. Ban same shi da ƙirƙirar ko ɗaya ba. Sai dai in na karanta abin da ke gabanta da bayanta, sai in ga kamar ba inda ya nufa ta nufa ba, ga kuma wasu wuraren da ke maganar ƙaunar maƙwabci da bai taɓa ambata ba. To amma wane ne ni? Mutum dubbai suna sauraronsa. Na riƙa tunanin ko ni ne raunin bangaskiya ya hana ni ganewa.

Ran Lahadi bayan sujada aka zauna a gindin darbejiya. Na fara kewaye-kewaye, ina cewa ta wani ɓangaren haka ne, ta wani kuma ba haka ba. Mahaifina ya katse ni.

"Kai, ɗan nan, ayoyin suna cikin Littafi ko ba sa ciki?"

"Suna ciki, Baba."

Ya kaɗe hularsa ya tashi. Washegari ya aika wa Baffa cewa bana kowa ya nemi abin huɗarsa. Ruwa ya sauka, masu shanun haya kowa ya riga ya kama su, gonakin biyu suka makara, masarar ba ta yi abin kirki ba. Baffa bai yi faɗa ba. Da na je gaishe shi, cewa kawai ya yi, "Malam ɗan boko, ashe shanun ma suna da addini?" Ya kuma sa aka kawo mini fura.

Da Fasto ya dawo ya ce wani abu a koyarwar gaskiya ne, wani kuma an ja shi ya wuce wurinsa. Kafin nan Baffa ya sayar da sansa. Shi da Baba suna gaisawa, amma garmar tana jingine a zaure har yau.

Ban san hukuncin da zan yanke wa koyarwar mai wa'azin ba har yanzu. Abin da na koya shi ne, in an tambaye ka abin da ya fi ƙarfinka, ka ce ba ka sani ba, a fili. Rabin amsa ya fi shiru haɗari.

Ina roƙon duk wanda ke gindin darbejiyar nan a ranar ya rubuto ya gyara mini. Ni dai ina jin kamar na ce "amma" kafin Baba ya tashi. Ban sani ba ko na furta ta, ko a zuciyata ta tsaya.