Usta Idrisu da Warnish ɗin da Ba Nasa Ba

Ranar Talata da hantsi ina zaune wajen matar da ke sayar da shayi a bakin layinmu a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gyaran motoci a Khartum, ko kurɓar kofin da ta miƙo mini ban yi ba, wayata ta yi ƙara. Nafisa ce, babbar 'yar Usta Idrisu; Usta ake ce wa gwanin sana'a a nan. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Baba Yakubu, Baba ya cika yanzun nan." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye kofin a ƙasa, na je na rufe warshata, wato rumfar aikina, na tari mota zuwa unguwarsu Umbadda. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Shekara ashirin da shida muna aiki ƙofa da ƙofa. Ni samkari ne, mai miƙe jikin mota in ta lotse. Shi kuma mai fenti. Abin da na buga da guduma, shi yake rufewa da launi. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya nema mini rumfar da nake ciki tun ban san kowa a Khartum ba. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar aikin Hajji, ya yada zango a Omdurman, zangon ya zama gida. Usta bai taɓa ganin Katsina ba, amma Hausarsa ba ta karye ba, sai in maganar aiki ta taso Larabci ya shigo.

A sana'arsu, bayan an fesa launi akwai wani ruwa garai-garai da ake bi da shi a sama, muna ce masa warnish. Shi ke ba mota sheƙi, shi ke kuma tsare fentin daga rana da raɓa. Yawancin mutane suna tsammanin zafi ne kaɗai ke cin fenti a ƙasar nan. Usta yakan ce a'a, a shita ake gane aiki, wato watannin sanyi. Da asuba ƙarfe ya takure, da azahar rana ta saki shi, kullum haka har wata uku. Warnish ɗin da aka haɗa daidai yana bin ƙarfen duk yadda ya motsa. Wanda aka ha'inta sai ya tsattsage, raɓa ta shiga ƙarƙashinsa. Don haka in mai mota ya zo karɓar kayarsa yana zuba godiya, Usta yakan ɗaga masa hannu ya ce, "Kada ka yaba mini yau. Yau ko jaki na fesa zai yi ƙyalli. Ka dawo bayan shita biyu mu yi magana."

Da safen sanyi ba ya fesa komai. Zai zo tun bakwai, ya share wuri, ya zauna yana jiran rana. Can sai ya tashi ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙarfen motar, in bai gamsu ba ya koma ya zauna. Na ga manyan 'yan kasuwa suna tsaye a kansa suna duba agogo, shi kuwa yana shan shayinsa. Dillalan motoci sun daina kawo masa aiki tun da daɗewa, suna cewa tsohon yana da taurin kai kuma ba ya sauri. Direbobi ne suka riƙe shi, waɗanda motar ita ce abincinsu. Wata rana muna tafiya masallaci ya hango wani bawan Allah yana goge ƙura daga motarsa da busasshen tsumma. Bai san shi ba, motar ma ba aikinsa ba ce. Ya tsallaka titi ya karɓe tsumman, ya ce, "Zuba ruwa tukuna, ɗan'uwa. Haka kake goge fuskarka?" Mutumin ya yi dariya ya je neman bokiti.

Shekarun fesa fenti ba su bar ƙirjinsa lafiya ba. A zamanin da ya koyi aikin, gefen rawani kawai ake jawowa a rufe hanci. Bara kafin sanyi ya shigo ciwon ya kwantar da shi, likita ya ce ya nisanci warsha. Sai ya miƙa makullin ga Mu'utasim, ɗan ƙanwarsa. Ba baƙo ba ne, ba kuma yaro ba. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, a gidan Usta ya tashi, a hannunsa ya koyi riƙe bindigar fenti, shi ya tsaya masa a aurensa.

Abin da zan faɗa yanzu ban so ya shiga cikin tunawa da mamaci ba, amma in na cire shi ba za a gane ko wane ne muka binne ba.

Cikin mako na biyu na fara ganin wata jarka marar suna tana shigowa warshar. Mu'utasim yana tuttula abin da ke cikinta a cikin tsofaffin gwangwanayen kawunsa masu kyau, ya tsinka shi da tinar, ruwan da ake sirka fenti da shi, har ya koma kamar ruwan wanki, ya rage maganin da ke sa shi ƙarfi in ya bushe. Gugar da ake yi kafin fenti, ya mai da ita shafa. Sanyi ya fara, shi kuwa tun bakwai na safe kana jin bindigarsa tana huci. Motar da Usta ke riƙewa mako guda, kwana biyu ta fita tana walƙiya. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne abin da yake gaya wa masu motocin: wai kawunsa ne ke haɗa warnish ɗin da hannunsa a gida, shi fesawa kawai yake yi.

Na same shi wata rana na ce, "Mu'utasim, wannan ba haɗin kawunka ba ne."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ma fi mushkila, ya ammu, babu matsala, Baba. Duk Mantiƙa haka ake yi yanzu. Wa ke riƙe mota shekara biyar a zamanin nan?"

Na koma rumfata na ci gaba da buga gudumata. Ran Juma'a na je Umbadda gaishe da Usta. Yana kwance a tsakar gida an lulluɓa masa bargo, ya tambaye ni, "Yaya Mu'utasim yake riƙe wurin?" Na ce, "Lafiya lau, Usta." Na gaya wa kaina cewa marar lafiya ba a kai masa ɓacin rai, kuma sha'anin dangi ba nawa ba ne. Duk lokacin da na tuna bakina yana furta wannan lafiya lau ɗin, sai in ji ƙyamar kaina.

Shita ba ta kai rabi ba motocin suka fara dawowa. Ban taɓa ganin ƙazamin aiki irin wannan ba. Rufin mota ya yi fari-fari dabbare-dabbare kamar kan mai makero, gefen ƙofofi yana saɓulewa kamar fatar da wuta ta ƙona. Mu'utasim yana sallamar su da cewa sabulun da suke wanki da shi ne.

Ranar da Usta ya ɗan ji sauƙi ya lallaɓo warsha a karon farko, ranar ce Malam Sale ya iso. Direban hafila ne, wato ƙaramar bas, yana ɗauko ma'aikata daga Jabal Awliya kullum, motar tana kwana kusa da ruwa inda raɓa ta fi nauyi. Tasa ta fi ta kowa lalacewa, har tsatsa ta fara ja a ƙarƙashin tagogi. Ya sauko, ya ce a gaban duk mutanen layi, "Usta, shekara nawa ina kawo maka direbobi ina rantse musu da amanarka? Ashe ni za ka fara cuta da ka tsufa?"

Usta ya matsa jikin motar ya sa farce, ya ɗago warnish ɗin, ya biyo shi ya fita tsawon kamu guda kamar ɓawon albasa. Ya shiga ciki ya buɗe gwangwani ɗaya ya sunsuna. Da ya fito, Mu'utasim ya fara magana da Larabci yana kawo zancen sabulu. Usta ya ce masa da Hausa, a hankali, "Ajiye makullin a kan tebur, ka tafi gida." Sannan ya juyo wurina.

"Yakubu, ka gani lokacin da ake yi?"

Na ce, "Na gani, Usta."

Ya ce, "To."

Bai ƙara mini ko kalma ɗaya ba a ranar. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Motoci goma sha ɗaya ne suka fita da sunansa a wata biyun nan. Bakwai sun dawo da kansu. Sauran huɗun shi ya sa aka nemo su, har da ta wata malamar makaranta a Bahri da ba ta ma lura tata ta fara tashi ba. Ya ce duk za a kankare su har ƙarfe a sake daga farko, kuma babu wanda zai kawo ko gwangwani ɗaya. Na roƙe shi ya bar ni in ɗauko wani mai fenti ya yi fesawar, shi ya zauna daga nesa yana nunawa. Ya ce, "An gaya musu hannuna ne. To bari ya zama hannuna." Na rufe rumfata na kama masa guga, wannan kaɗai ya yarda da shi. Matarsa Hajja Maryam ta yi magana har ta gaji. Nafisa ta zo warsha da kanta, ta tarar da shi ya dafa bango yana tari, ta ce, "Baba, mota ce fa." Ya ce, "Na sani, 'yata. Saura huɗu."

Ko a cikin wannan hali bai fesa mota ɗaya da sanyin safiya ba. Ya gama ta ƙarshe zafi ya fara shigowa, ya wanke bindigarsa ya rataye, bai sake taka Mantiƙa ba. Ba na cewa aikin nan ne ya kashe shi, kowa da ranarsa. Amma na ga yadda yake numfashi kafin motocin nan, na kuma ga yadda yake yi bayansu.

Makonni kaɗan kafin rasuwarsa na je asibiti na nemi gafararsa. Ya kama hannuna ya ce, "Na yafe maka tun a ranar. Amma da ka faɗa mini, Yakubu, da uku ce ba goma sha ɗaya ba."

A rumfar zaman makoki na ga abin da ya hana ni cin abinci. Dillalan da suka yi shekaru suna kiransa mai taurin kai sun zo cikin fararen jallabiyoyi suna cewa irinsa ya ƙare a Sudan. Mu'utasim ne a kujerar gaba, shi ke fara miƙewa in an ɗaga hannu ana Fatiha, kukansa ya fi na 'ya'yan mamacin. Na ƙyale shi, kawunsa ne. Amma a rana ta biyu bayan azahar na ji shi a gefen rumfa da wasu direbobi uku, yana kwatanta musu inda sabuwar warsharsa take, yana cewa, "Sirrin haɗin yana wurina, ni kaɗai ya bar wa."

Na tashi na isa wurinsu. Na ce, "Babu wani sirri. Kaya mai kyau yake saya, ya auna daidai, ya jira rana. Wannan da kuke gani ya san duka ukun, ya ƙi yi. Ku tambayi Malam Sale, ga shi can zaune." Malam Sale ya gyaɗa kai daga inda yake, hawaye yana bin gemunsa. Wani dattijo ya ja hannuna ya ce ba a irin wannan a gidan mutuwa. Gaskiyarsa ce, na kuma ba iyalin haƙuri daga baya. Mu'utasim ya sa takalminsa ya fita, bai dawo rana ta uku ba. Da yamma Hajja Maryam ta aiko Nafisa da shayi, ta ce a kai wa Baba Yakubu shi kaɗai.

Ya Allah, ga bawanka Idrisu ya zo gare ka. Mun shaida bai rufe aibin ƙarfe don ya cuci mai shi ba; ka rufe nasa aibin da rahamarka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka musanya masa ƙuncin ƙirjin da ya sha da iskar Aljanna. Ka ba Hajja Maryam haƙuri da juriya, ka tsaya wa Nafisa da ƙannenta, kada ka bar su su nemi wani abu a hannun wanda zai wulaƙanta su. Mu'utasim kuwa, ka shirye shi. Iyakar abin da zuciyata ta iya roƙa masa ke nan a yanzu. Ni kuma da na gani na yi shiru, Usta ya yafe mini nasa, saura naka. Ka yafe mini, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.